Ina Ake Kai Naman Da Aka Cire? Aikin Masu Gwajin Tsoka A Asibiti



A sashen mata da haihuwa akwai maganar da takan ɗaga wa mutane hankali, wato idan likita ya ce, "Za a kai naman gwaji." Sai a miƙa wa miji ko wani ɗan'uwa kwalba ko roba tare da takarda, a kwatanta masa inda zai kai. Wasu sukan kai, su karɓi rasit, daga nan ba a ƙara ganinsu. Wasu sukan wuce da shi gida su binne. Wasu kuwa tun farko ba sa yarda a taɓa wurin, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Mu ungozomomi muna ganin ƙarshen irin wannan, domin wurinmu matar take dawowa bayan watanni, ciwo ya riga ya yi nisa.

Shi ya sa a wannan fitowa za mu leƙa ɗakin da ake kai naman, mu ga su wane ne a ciki, me suke yi, kuma me ya haɗa aikinsu da mai ciki ko mai jego.

Su wane ne ke aiki a wurin?

Ɗakin gwajin tsoka daban yake da inda ake gwajin jini da fitsari. Gwajin jini yakan fito a ranar, wani lokaci cikin awa ɗaya. Gwajin tsoka kuwa aikin kwanaki ne, kuma hannu da yawa yake bi.

Akwai masanin kimiyyar gwaje-gwaje. A Najeriya yakan yi shekara 5 a jami'a, sannan shekara 1 ta koyon aiki a asibiti, kafin ya samu cikakken lasisi daga hukumar kula da sana'ar, wadda aka kafa da dokar shekarar 2003. Shi ne yake sarrafa naman, ya yanka shi, ya rina shi, har ya zama abin da za a iya karantawa. Akwai kuma likitan gwajin tsoka. Shi likita ne kamar sauran likitoci, amma bayan ya gama sai ya ƙara wasu shekaru yana koyon gane cuta ta madubin likita, wato na'urar nan mai girmama ƙananan abubuwa. Shi ne yake duba abin da aka shirya, ya rubuta sakamako, ya sa hannu. Sai mataimaka da masu rajista da ke kula da lamba da littafi.

Mara lafiya ba ta ganin ko ɗaya daga cikinsu. Amma likitan tiyata da likitan ciwon daji duka jiran takardarsu suke yi. Hannu yana jin ƙulli, hoto yana nuna girmansa da inda yake, amma madubi ne kaɗai ke tabbatar da ko sankara ce ko ba ita ba.

Tafiyar nama daga tiyata zuwa madubi

Da zarar an raba nama da jiki sai ya fara lalacewa, musamman a irin zafin ƙasarmu. Don haka matakin farko shi ne a tsoma shi cikin wani ruwan magani mai suna fomalin, wanda yake tsayar da shi a yadda yake. Ana so ruwan ya ninka girman naman kamar sau 10, ya rufe shi gaba ɗaya. Naman nono an fi so ya shiga ruwan kafin awa 1 da cire shi, ya kuma zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72.

Idan kwalba ta iso, mai rajista zai duba sunan da ke jikinta da na takarda, ya ga sun yi daidai, sannan ya ba ta lamba. Wannan lamba za ta bi naman har ƙarshe. Kuskuren lamba yana nufin a ba wata sakamakon wata, don haka idan kun ga an tsaya ana ta tambaya a kan suna ko shekaru, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne.

Daga nan likita zai duba naman da ido, ya auna shi, ya rubuta kamanninsa, ya yanko 'yan ƙananan yanka daga wuraren da yake zargi, a sa su cikin 'yan akwatunan roba masu ƙofofi, kowanne bai fi akwatin ashana ba.

Nan aikin masanin gwaji yake farawa sosai. Ɗanyen nama ba ya yankuwa siriri, domin yawancinsa ruwa ne. Sai a sa akwatunan a wata na'ura da takan kwana tana aiki. Tana bi da su cikin ruwan sifirit kala-kala don a tsotse ruwan jikin naman, sannan wani sinadari ya fitar da sifirit ɗin, daga ƙarshe narkakken kaki irin na kyandir ya shiga ya cike gurbin. Da safe sai a ɗauki kowane yanki da hantsaki, a daidaita shi a cikin ƙaramin mazubi, a zuba masa kaki, a bari ya daskare. Yadda aka kwantar da shi yana da muhimmanci, don idan aka juya shi ba daidai ba, likita ba zai ga gefen da yake nema ba.

Sai yanka. Ana ɗaure dunƙulen kakin a wata na'ura mai wuƙa, ana juya hannunta, tana fitar da yanka sirara a jere kamar zare. Kaurin kowane yanka kamar a ɗauki milimita 1 ne a raba ta gida 250. Silin gashin kai ya ninka shi kauri fiye da sau 10. Numfashi mai ƙarfi ma yana iya ɗauke shi. Ana shimfiɗa shi a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwaso shi da ɗan gilashi, a busar. Mai wannan aiki sai ya yi watanni yana koyo kafin hannunsa ya faɗa, don yankan da ya yage ko ya naɗe yana iya ɓoye cuta.

A wannan mataki ba a ganin komai a gilashin, fari ne fes. Sai an yi rini, kamar dai aikin marina. Kala biyu ake amfani da su a duk duniya tun fiye da shekara 100. Ɗaya daga itacen wata bishiya ta ƙasar Meziko da maƙwabtanta ake samunta, tana mai da tsakiyar kowace ƙwayar halitta shuɗiya. Ɗayar kuma tana ba sauran jikin naman launin hoda. Bayan rini a rufe da wani siririn gilashi, a manna lamba, a kai wa likita.

Wannan shi ne dalilin jinkiri. Idan komai ya tafi daidai, aikin yakan ɗauki 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu. Idan ƙashi ne, sai an ƙara kwanaki ana tausasa shi. Idan likita bai gamsu ba, yakan ce a sake yanka ko a yi wani rini na musamman. Ɗaukewar wuta ma tana tsayar da na'ura. Kuma aikin yana da nasa haɗarin: warin fomalin yana sa hawaye da tari, kuma tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke iya jawo sankara ga mai yawan shaƙarsa. Shi ya sa ba a barin jama'a su wuce wurin karɓar kwalba.

Me likita yake nema?

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta kamar yadda ake gina ɗaki da bulo. A lafiyayyen nama suna jere cikin tsari, kowace a wurinta. A naman sankara kuwa girmansu ya bambanta, tsakiyarsu ta yi girma ta yi duhu, suna ta rabuwa, suna kutsawa inda ba nasu ba.

Takardar sakamako takan amsa tambayoyi huɗu. Shin sankara ce? Idan ita ce, wace iri ce? Mai saurin girma ce ko mai tafiya a hankali? An cire ta duka, ko akwai saura a gefen yankan? Ku sani cewa sau da yawa amsar tambayar farko "a'a" ce. Ƙullin nono a jikin mace mai ƙuruciya yawanci ba sankara ba ne. Ƙarin mahaifa da ake cire wa mata da yawa shi ma yawanci ba ita ba ce. Wani kumburin wuya da ake tsoro, madubi yakan nuna tarin fuka ne, wanda ake ba da maganinsa kyauta.

Ga sankarar nono akwai ƙarin gwaji guda uku da ake yi a kan gilashin. Biyu suna nuna ko ƙarin yana samun ƙarfi ne daga sinadaran jikin mace. Idan haka ne, akwai ƙwayar da ake sha kullum na tsawon shekaru, kamar tamoksifen, mai toshe masa wannan hanya. Na ukun ana kiransa HER2, shi ma yana da allurarsa ta daban. Mata biyu suna iya zuwa da ƙulli iri ɗaya a ido, amma maganinsu ya bambanta, kuma wannan gwaji ne yake raba su.

Abin da ya shafi mai ciki: ɓari da wankin ciki

Yawancin ɓari ba shi da alaƙa da sankara. Amma akwai wani irin ciki da likitoci ke kira cikin mola. A irinsa mabiyiya ce take girma ba bisa ƙa'ida ba, ta zama tarin 'yan ƙurajen ruwa kamar 'ya'yan inabi, yawanci babu jariri. Alamunsa su ne zubar jini a watannin farko, amai mai tsanani, da cikin da ya fi watanninsa girma. Hoto yana nuna shi, amma ba kullum ba, musamman idan cikin ƙarami ne. Tabbacinsa sai a kai abin da aka wanko ɗakin gwajin tsoka.

Ga muhimmancin sanin: a cikin mata 100 da suka yi cikakken cikin mola, kimanin 15 zuwa 20 ragowar naman yana ci gaba da girma bayan wankin ciki, har su buƙaci magani. Kaɗan daga ciki yakan rikiɗe ya zama sankara mai saurin tafiya huhu da ƙwaƙwalwa. Matar da aka san cikinta mola ne, za a riƙa auna sinadarin ciki a jininta har ya sauka ya ɓace, a kuma shawarce ta da ta yi tazara kada ta ɗauki wani cikin sai an sallame ta, domin sabon ciki yana rikita awon. Wadda ba a kai nata gwaji ba kuwa za ta tafi gida da zaton ɓari ne kawai.

Wannan sankara tana cikin waɗanda suka fi jin magani. A 1956, a Amurka, wani likita ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Min Chiu Li ya warkar da wata mata da cutar ta riga ta kai huhunta, da maganin metotireksat. Ya kuma nace a ci gaba da ba da magani har sai gwajin sinadarin ya nuna babu saura, ko da hoto ya nuna an warke. A kan wannan naci aka sallame shi daga aiki, daga baya aka gane shi ke da gaskiya. Yau kusan duk matar da aka kama nata da wuri tana warkewa, da yawa kuma suna haihuwa bayan haka.

Iyalai da dama suna son su binne abin da ya fita, kuma wannan haƙƙinsu ne da muke girmamawa. Ku faɗa wa nas ko likita tun da wuri. Sau da yawa ana iya ɗibar abin da gwaji ke buƙata, a ba ku saura.

Ƙulli a nono lokacin ciki ko shayarwa

Nonon mai ciki yana cika yana tauri, don haka ƙulli yana iya ɓuya, ko a ce ai ruwan nono ne ya taru. Sau da yawa hakan ne. Amma sankarar nono tana faruwa a kimanin ciki 1 cikin 3,000. Duk ƙullin da ya wuce mako 2 bai baje ba, ko fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita, a nuna wa ma'aikaciyar awo. Kada a ce sai an haihu ko sai an yaye.

Hoton da ake yi da na'urar duba ciki ba ya cutar da jariri. Ɗibar ɗan nama da allura, bayan an kashe zafin wurin, ita ma ba ta cutar da shi. Abu ɗaya da muke roƙo: ki tabbatar an rubuta a takardar gwaji cewa kina da ciki ko kina shayarwa. Ƙwayoyin nono mai yin ruwa suna canza kama, har su iya rikita mai dubawa idan bai sani ba.

Idan sakamako ya nuna sankara ce, ba lallai a rasa cikin ba. Ana iya yin tiyata da ciki, ana kuma iya ba da wasu alluran ciwon daji bayan wata 3 na farko. Gashi da na'ura da ƙwayar tamoksifen da allurar HER2 su ne ake jinkirtawa sai bayan haihuwa.

Batun cewa taɓa ƙari da ƙarfe yana sa shi yaɗuwa, ga inda zancen ya samo tushe. Mutane da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya riga ya bazu. Idan aka ɗebi nama, bayan ɗan lokaci mara lafiya ta rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifi, alhali watannin da aka yi ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida ne suka cinye damar.

Bakin mahaifa

A wannan ɗaki ne kuma ake duba gwajin bakin mahaifa, wanda ake kira gwajin Pap, daga sunan Dakta George Papanicolaou, ɗan ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka. Ba a yanka komai, ana ɗan shafo bakin mahaifa ne a goga a gilashi. Yana nuna canji shekaru kafin ya zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara gwajin bakin mahaifa daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da cutar ƙanjamau. Zuwa asibiti bayan haihuwa dama ce ta tambaya a kansa. Zubar jini bayan saduwa ko ruwa mai wari kuwa ba a jira da su, ko da ciki.

Daga gilashi zuwa bincike

Bayan an ba da sakamako ba a zubar da dunƙulen kaki da gilashi. Ana adana su shekaru. Idan ciwo ya dawo a sake dubawa, idan aka tura ki wani asibiti ana iya neman su. Da su kuma ake bincike, kuma nahiyarmu ta ba da gudummawa babba a nan.

A 1958 wani likitan tiyata a Kampala ta ƙasar Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda ake gani har yau a asibitocinmu. Aka riƙa aika naman ta jirgin sama zuwa Landan, inda a 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar cutar bairos a cikinsa, ta farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. A Ibadan, inda aka kafa rajistar masu ciwon daji tun 1960, an raya ƙwayoyin wannan sankara a kwalba a 1963, kuma har yau ɗakunan bincike a duniya suna aiki da su.

A Jamus, Harald zur Hausen da abokan aikinsa sun gano nau'o'in bairos na HPV masu lamba 16 da 18 a cikin naman sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984. Wannan aiki ne ya haifar da allurar rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a watan Oktoba na 2023.

Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta sun duba naman nono kimanin 500 daga Najeriya da Senegal. A 2009 suka ba da rahoton cewa kusan kashi 1 cikin 4 ne kawai ke da alamar da ke nuna ƙwayar tamoksifen za ta yi aiki, ƙasa sosai da abin da ake gani a matan Turai. Wasu binciken kuma sun sami adadi mafi yawa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masana suka kawo shi ne yadda aka kula da naman tun farko. Naman da ya daɗe a waje kafin ya shiga fomalin yana iya rasa alamar, sai gwaji ya ce babu alhali akwai, mace ta rasa maganin da zai amfane ta. Kun ga ke nan mai riƙe da kwalba ma yana da hannu a sakamako.

Bincike da naman mutane a yau yana da ƙa'ida. Sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince, ana cire sunaye a bar lamba, kuma idan aka nemi izininki kina da damar cewa a'a ba tare da ya taɓa kulawar da ake ba ki ba.

Abin da ya rataya a wuyan iyali

Maigida da 'yan'uwa, idan aka ba ku kwalba, ku duba ku ga ruwan ya rufe naman, kuma sunan da ke jiki daidai ne. Ku kai a ranar. Kada a zubar da ruwan, kada a ƙara na famfo, kada a sa a firiza, kada a bar shi a rana ko a but ɗin mota. Kada a raba naman biyu don a kai wurare biyu. Ku ajiye rasit da lambar da aka ba ku, ku tambayi ranar dawowa. Idan kuɗin ya gagara, ku faɗa wa nas ta haɗa ku da sashen jin daɗin marasa lafiya, maimakon a tafi da shi gida.

Ku dawo ku karɓi sakamako ko da uwargida ta ji sauƙi sarai, ku kai wa likitan da ya nema ya yi muku bayani. Ku yi kwafinsa ku adana tare da katin awo, domin a kowane ciki na gaba ungozoma za ta so ta gani.

Allah ya raba ku da cikinku lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.